Mutum uku ake nema, kuma akwai su a filin Rayfield

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wasan da shafinku na wasanni bai cika leƙawa ba, wato golf. Na san da yawa za su ce ai wannan harkar manya ce, ta janar-janar masu ritaya da manyan 'yan kasuwa. Ni ɗan talaka ne. Da ɗaukar jakar sanduna na fara sanin filin Rayfield a nan Jos, wanda Turawan kuza suka kafa tun 1913, kuma da kuɗin jakar nan na sayi littattafan makaranta. Saboda haka ina da bakin magana.

Akwai gasar duniya ta ƙasa da ƙasa da ake yi wa maza waɗanda ba su mai da golf sana'a ba, ana kiranta Kofin Eisenhower, sunan tsohon shugaban Amurka. An fara ta a 1958 a St Andrews ta ƙasar Sikotilan, inda Ostareliya ta yi canjaras da Amurka, aka sake karawa ta cinye. Duk bayan shekara biyu ake yi. A nan duniya ta shaida Jack Nicklaus a 1960 yana saurayi, Tiger Woods ma ya buga ta a Faransa a 1994 kafin ya fara cin kuɗi da wasan. Akwai kuma Kofin Walker da ya girme ta, tun 1922, amma shi tsakanin Amurka ne da haɗakar Birtaniya da Ailan, ba mu da rabo a ciki.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tsarin gasar. Mutum uku kacal kowace ƙasa take turawa. Kwana huɗu za su yi suna bugawa, rami 18 kullum, kuma a kowace rana sakamakon biyu mafi kyau, wato waɗanda suka gama da bugu mafi ƙaranci, ake ƙirgawa, a ajiye na ukun. Idan yau hannun ɗaya ya ƙi, 'yan'uwansa su rufa masa asiri, gobe shi ma ya rufa wa wani. Wannan ya sa ba manyan ƙasashe kaɗai ke ɗauka ba. Holan ta ci a 2006 lokacin da aka yi a Afirka ta Kudu, Denmak ta ci a 2018, Italiya a 2022. Denmak fa, wadda yawan mutanenta bai kai na Jihar Kano ba. A ce ƙasa kamar Nijeriya ta rasa samari uku da za ta tsaya musu?

Samarin suna nan. Duk wanda ya je Rayfield ko Lamingo da sassafe, ko filin IBB a Abuja, zai ga yaran jaka suna gwada bugu da tsohuwar sanda guda ɗaya kafin iyayen gidansu su iso. Wasu cikinsu, wallahi, sun fi waɗanda suke ɗaukar wa jakar iya wasa nesa ba kusa ba, kowa a kulob ya san haka. Sai dai na sha ganin inda abin yake ƙarewa. Yaro ya kai shekara goma sha takwas, gida ana jiran ya kawo na cefane, sai ya ruga ya shiga sahun ƙwararru don ya samu ɗan kuɗin gasa. Ranar da ya yi haka, ƙofar Kofin Eisenhower ta rufe masa, ga shi wasan nasa bai nuna ba. Bayan 'yan shekaru ka tarar da shi yana koya wa wani alhaji riƙon sanda. Ba na zargin yaran nan. Yunwa ba ta jiran kofi.

A da dokar ce ta ɗaure su, domin ɗan wasan sha'awa, wato wanda bai mai da golf sana'a ba, ba ya karɓar kuɗin gasa, ba ya tallata kayan kowa. Daga farkon 2022 hukumomin nan biyu masu tsara dokar wasan, R&A ta Sikotilan da USGA ta Amurka, sun sassauta. Yanzu yaro zai iya samun mai ɗaukar nauyinsa, ya sa sunan kamfani a rigarsa, har ya karɓi kyautar kuɗi da ba ta wuce dala 1,000 ba a gasar da ba a yi wa kowa rangwamen bugu, kuma matsayinsa yana nan. Yawancin attajiran da nake gaisawa da su a fili ba su ji wannan labari ba. Alhaji, kuɗin da kake kashewa a liyafar rufe gasa ta dare ɗaya zai biya wa yaro makaranta da abinci da kuɗin mota na shekara guda.

Kuɗin motar nan kada a raina shi. Jos tana kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, iskarmu ba ta da nauyi, ƙwallo na tafiya nesa. Yaron da ya saba da nan, idan ya sauka Ikoyi a Legas, zai ga bugunsa ya gajarta, sai ya sake koyon wace sanda zai zara. Mu kuma da muka tashi muna tura ƙwallo rami a kan yashin da aka cakuɗa da baƙin mai, mun san ciyawar da aka aske sumul wata duniya ce daban. Ba a koyon wannan da baki, sai an je an buga.

Sai maganar lissafi. Tun 2023, da aka yi gasar a Abu Dhabi, ƙasashe 36 kawai ake ɗauka, kuma jadawalin duniya na 'yan wasan sha'awa, wanda aka fara a 2007, yana cikin abin da ake dubawa. Yaro ba ya hawa jadawalin sai ya buga gasar da aka yi wa rajista da masu shi. Ina kira ga Hukumar Golf ta Nijeriya da shugabannin kulob-kulob na Jos da Kaduna da Kano da Abuja, su ƙara yawan irin waɗannan gasanni a Arewa, masu kwana uku ko huɗu, kuma a bar yaran jaka su shiga ba tare da an tambaye su katin zama mamba ba. R&A ta fara gasar zakaran Afirka a 2024 a Leopard Creek, wanda ya ci yana samun gurbi a babbar gasar Open ta Birtaniya. Ita ma ƙofa ce.

Ku kuma, Malam Edita, ku turo wakilinku Rayfield wata Litinin da safe, lokacin da fili ba cunkoso. Ya zauna da yaran, ya ji sunayensu da unguwanninsu, ya rubuta adadin bugun da suke gama rami 18 da shi, ku buga a jarida da Hausa yadda iyayensu da masu hannu da shuni za su karanta. Idan ya zo, ni zan zagaya da shi.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Wani tsohon ɗan jaka,
Bukuru, Jos.