Malaman jami'a, ku kai jerin littattafanku laburare tun kafin a buɗe zango

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi magana a kan abin da ba a cika tayar da shi ba idan ana zancen matsalolin jami'o'inmu, wato tsakanin malami da laburare. Kukan da aka saba ji shi ne babu littattafai, babu mujallun zamani. Akwai gaskiya a ciki, don littafin waje da dala ake sayensa, naira kuwa kowa ya san halin da take ciki. Amma da yawa daga abin da malamai ke cewa babu, akwai shi, har an biya kuɗinsa. Wanda zai haɗa mai nema da abin nemansa ne babu.

Laburare ba ya sayen littafi da ka. Malamin da zai koyar da kwas shi ya san littafin da ɗalibansa ke buƙata, kuma aikinsa ne ya rubuto. Jerin da zai yi amfani sai ya ƙunshi sunan marubuci, da cikakken sunan littafi, da bugu na nawa ne, da shekara, da kamfanin da ya buga, da lambar ISBN mai alƙaluma 13 da ke bambanta kowane bugun littafi da wani, da yawan ɗaliban ajin. Ya kuma ware wanda dole kowane ɗalibi ya karanta da wanda na ƙarin haske ne kawai. In aka bar bugu da lambar ISBN, dillali zai kawo wanda ya kwana masa a shago. Ga ɗalibin adabi wannan da sauƙi, amma ga ɗalibin likitanci ko haɗa magunguna ko shari'a, tsohon bugu na iya koya masa abin da aka riga aka daina aiki da shi. Yawan ɗalibai kuwa shi ke nuna kwafi nawa za a saya. Aji mai ɗalibi 300 da kwafi biyu, gwamma a ajiye su a kantar littattafan da ba a fita da su, a riƙa ba da aro na awa biyu biyu, maimakon mutum ɗaya ya tafi da su ɗakin kwana har bayan jarrabawa.

Lokaci ma abin lura ne. Daga neman farashi, zuwa amincewar kwamiti, zuwa biyan kuɗi, zuwa isowar kaya, zuwa ba littafi lambarsa a jera shi a kanta, watanni ake ɗauka. Jerin da aka kawo a makon farko na zango, sai ɗaliban baɗi su ci moriyarsa. Kuɗin da TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ke warewa don bunƙasa laburare ma sai jami'a ta gabatar da jerin abin da za ta saya kafin a sake su. In sassa suka yi shiru, dole a cike gurbin da jerin dillalai, shi ya sa ake ganin sabbin littattafai tsaf a kanta shekara da shekaru ba wanda ya buɗe su. Abin takaici, sau da yawa ba a tuna da laburare sai jami'an NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, na tafe tantance kwasa-kwasai, sannan a shiga aron littattafai daga ofisoshin malamai ana cika kanta. Ado da kayan aro dai ba ya kai mutum ko'ina. Baƙi na juya baya kowa ya kwashe nasa.

Ta fannin bincike, yawancin abin da malami ke nema yanzu a intanet yake. Shirin Research4Life yana buɗe wa cibiyoyin ilimi na ƙasashe masu tasowa dubban mujallu, wasu ƙasashen kyauta, wasu da ɗan kuɗi a shekara. A cikinsa akwai Hinari na kiwon lafiya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002, da AGORA na aikin gona daga 2003, da OARE na muhalli daga 2006, da ARDI na kimiyya da ƙere-ƙere, da GOALI na shari'a. Jami'a ce ke yin rajista, ba mutum ɗaya ba, kuma bayanan shiga suna hannun laburare. Malamin da ya ci karo da maƙala aka ce sai ya biya dala talatin ko arba'in, kafin ya taɓa aljihunsa ya fara tambaya can.

Abubuwa uku ne suka fi toshe wannan hanya. Wasu kamfanonin mujallu da adireshin intanet na jami'a suke gane mai shiga, don haka ranar da jami'a ta sauya kamfanin da ke ba ta sabis ba a sanar da su sabon adireshin ba, ƙofa ta rufe, alhali kuɗi na ci gaba da ƙonewa. Na biyu, watsa kalmar sirri a zaurukan WhatsApp har ta fita wajen jami'a, ko mutum ya zauna ya sauke mujalla sukutum a dare ɗaya. Kamfani na ganin haka zai dakatar da jami'ar baki ɗaya, laifin mutum guda ya shafi kowa. Na uku shi ne rashin amfani. Kowace shekara ana fitar da alƙaluman yawan maƙalun da aka sauke, in sun yi ƙasa kuwa, wannan rajistar ce ta farko da za a yanke ranar da kuɗi suka yi wuya.

Akwai kuma taimakon da malamai da yawa ba su san na laburare ba ne: tantance mujallar da za a aika wa maƙala. Mujallun bogi sun yi yawa. Su ne masu aiko da saƙon gayyata ta imel, su karɓi maƙala cikin mako guda ba gyaran ko waƙafi, su nemi kuɗi. Ranar neman ƙarin girma masu tantancewa su yi watsi da ita, ga asarar kuɗi ga asarar aikin shekara. Minti goma ya ishi ma'aikacin laburare ya duba ko mujallar tana cikin rumbunan mujallun da aka tantance, irin su DOAJ ko Scopus ko AJOL, ma'adanar mujallun Afirka. Shi ne kuma zai taimaka a buɗe lambar ORCID da ke bambanta mai bincike da masu suna irin nasa, kyauta ce, mai alƙaluma 16. Mu nan ta fi yi mana rana, inda mutum ɗaya yake Muhammad a wata maƙala, Mohammed a wata, M. S. a ta uku, ayyukansa su warwatse kamar na mutum uku.

Kundayen digiri na biyu da na uku ma suna buƙatar kulawa. Wanda aka ɗaure aka jibge a ɗaki, ƙurar hunturu da danshin damina da gara ne magadansa. A karɓi kwafin kwamfuta daga kowane ɗalibi kafin a sallame shi, a ɗora a ma'adanar jami'a (yawanci da manhajar DSpace ake yi), a kuma ajiye kwafi na biyu a wani ginin daban, don ɗaukewar wuta da dawowarta da ƙarfi ta sha ƙona na'ura da aikin shekaru a ciki. Mai duba ɗalibi sai ya leƙa ya ga ko an taɓa yin batun kafin ya amince da shi.

Kirana ga shugabannin jami'o'i shi ne a ba kowace tsangaya ma'aikacin laburare nata, wanda ya san fanninta, yana zama a taron hukumar tsangaya, ana ba shi awa guda a darasin dabarun bincike ya nuna wa ɗalibai yadda ake nemo maƙala da tsara manazarta da manhajar Zotero. Shugabannin sassa kuma su sa miƙa jerin littattafai ya zama sharaɗi a ranar da ake rabon kwasa-kwasai, a aika wa laburare kwafi a makon.

Na gode.

Daga wani ma'aikacin laburaren jami'a, Kano.