Injin da ƙarfinsa bai wuce nauyin fallen takarda ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a nan Sakkwato, kuma shirinku na kimiyya ba ya wuce ni. A makon jiya kun yi bayanin roka, da ruri da tarin man da take ƙonewa cikin 'yan mintoci. Na ji daɗi, sai dai kun bar wanda na fi so yaranmu su sani, wato injin ayon.

Shi babu wuta a cikinsa. Faifan sola ne ke ba shi lantarki, lantarkin ya caji ƙwayoyin iskar zenon (ƙwayoyin da aka caja su ne ayon), ya feso su ta baya da gudun kilomita 30 ko fiye a daƙiƙa guda. Hayaƙin roka ko 5 ba ya kaiwa. Amma turin nasa ɗan mitsitsi ne. Ranar da na koyar da wannan darasi, na sa wani ɗalibi ya buɗe tafin hannu, na aza masa fallen takarda, na ce nauyin nan da kake ji, shi ne ƙarfin injin kumbon Dawn. Aji ya yi tsit. Can wata yarinya ta ce, "Malam, to yaushe zai isa?"

Ai kuwa ya isa. NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta harba Dawn a 2007, ya kai Vesta, wani katafaren dutse a sararin samaniya, a 2011, ya yi mata dawafi fiye da shekara, ya tashi ya kai Ceres, wata 'yar ƙaramar duniya, a 2015, duka wannan da zenon kilo 425. Sai ya yi kwana huɗu kafin ya ƙara gudun kusan kilomita 100 a awa, amma a can babu iskar da za ta tare shi, gudun jiya yana nan, na yau ya hau kai. Na ce musu roka doki ce, ita ke fitar da kumbo daga ƙasa, don injin ayon ba zai iya ba. Shi kuwa raƙumi ne, irin na fataken da ke shigowa ta Illela.

Yanzu haka kumbon Psyche, da aka harba a 2023 da injin lantarki ɗan'uwan wannan, yana hanyar zuwa wani dutsen sararin samaniya mai suna Psyche, sai 2029 ake sa ran isarsa. Don Allah ku gayyato malamin fiziks daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya warware mana injin ayon da Hausa, kuma a sa shirin bayan La'asar, lokacin da yara suke gida.

Naku,
Wani malamin kimiyya,
Sakkwato