Sanarwa: Ina Koko, ban isa Yauri ba

Assalamu alaikum ƴan uwa. Masu ta kirana tun jiya, ku kwantar da hankali, lafiyata ƙalau. Na taso daga Birnin Kebbi zan je Yauri gaida abokina, muna wuce Jega hadari ya haɗo, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Direba ya ce ba ya ganin gabansa, dole muka kwana Koko. Na yi ta ƙorafi, Allah Ya yafe mini. Ashe rabo ne ya tsayar da ni: a masallacin tasha na gamu da malamina na allo, shekara 15 rabona da shi! Har gida ya kai ni, aka ci tuwon shinkafa, ya sa mini albarka.

Taronmu na Asabar yana nan, in sha Allahu.