Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 na Ƙungiyar Masu Saye da Sayarwa ta Intanet

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shugaba ya ce in rubuta rahoton nan a gajarce, na ce masa to, amma shekarar da muka gani ba ta gajartuwa, sai ku yi haƙuri da ni. Zan bi abubuwan da sakatariya da kwamitin aika kaya suka yi, da wanda muka kasa yi, don shi ma yana da yawa.

Da aka tattara koke-koken da mambobi suka kawo a shekarar nan, kusan duk kan aika kaya waje ne. Kaya ya maƙale a kwastam, kaya ya dawo, kwastoma ya ƙi karɓa don an ce ya biya kuɗin fito a bakin ƙofarsa, ko kuma tirakin, wato bibiyar inda kaya ya kai, ya tsaya cak sati uku ba motsi. Da farko kowa kamfanin aikawa yake zagi, ni ma har da ni, amma da muka zauna muka bi takardun ɗaya bayan ɗaya sai kunya ta kama mu, don mafi yawansu matsalar daga abin da mu muka rubuta a fom ne, ko kuma ba mu faɗa wa kwastoma tun farko wa zai biya haraji ba.

Babban abin da ya girgiza mu shi ne na Amurka. Waɗanda suka daɗe a harkar sun san tun 2016 duk kayan da bai wuce dala 800 ba yana shiga ƙasar ba kuɗin fito, a kan wannan da yawanmu suka gina kasuwarsu. A ranar 2 ga Mayu aka fara cire rangwamen ga kayan China da Hong Kong, wasu a cikinmu suka ce ai ba da mu ake ba, to in gemun ɗan uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa, ƙarshen Yuli aka sa hannu a dokar da ta haɗa kowa da kowa, ta fara aiki 29 ga Agusta. Abin da ya fi tsada ma ba harajin ba ne, tsarin karɓarsa ne, don an ce kayan da ke bi ta gidan waya sai an karɓi kuɗin fiton tun daga ƙasar da aka turo shi an miƙa wa kwastam ɗin Amurka, su kuma gidajen waya ba su da wannan tsarin a ƙasa. Sai kawai suka rufe. Jamus, Japan, Indiya, Ostiraliya, haka aka yi ta sanarwa kamar wasa, har hukumar gidajen waya ta duniya ta ce masu aikin waya 88 suka dakatar da aika kaya Amurka gaba ɗaya ko wani ɓangare, kuma yawan kayan da ke tafiya ya faɗi da kashi 81 cikin ɗari a ranar farko.

A wannan satin wayata ba ta huta ba. Wata Hajiya cikin mambobinmu mai ɗinka jakunkuna ta kira ni da daddare, ta gama oda ta naɗe komai ta manna adireshi, ta je kanta aka ce mata ba a karɓa, ta dawo da kwalayen ta jera su a falo tana kallonsu, su kuma masu odar sun riga sun biya suna ta aiko mata saƙo. Abin da muka iya yi mata shi ne muka zauna muka lissafa, wanda ribarsa za ta ɗauki kuɗin kamfanin gaggawa aka tura ta can, sauran ta maida musu kuɗinsu da ban haƙuri. Ba ta ci riba a watan ba, amma shagonta bai samu baƙin suna ba. Daga nan ne kwamiti ya kira taron gaggawa muka yi bayani kan bambancin DDP da DAP, wato ko kai mai kaya ka biya harajin tun daga nan ka saka shi cikin farashi, ko ka bar wa kwastoma ya biya in kaya ya iso. Ra'ayina dai, kuma na faɗa a taron, in ƙaramin kaya ne ka biya kawai ka huta, don mutumin da ya ga an tsare shi da takardar biyan kuɗin da bai san da ita ba, ƙin karɓa zai yi, kai kuma ka biya kuɗin zuwa ka biya na dawowa, wani lokacin ma a ce maka an lalata kayan. Wasu ba su yarda da ni ba, sun ce farashi zai yi tsada kwastoma ya gudu, kowa dai ya san kasuwarsa.

Wani kuma ya kawo shawarar wai a riƙa rubuta kyauta ce a fom tunda kyautar da ba ta kai dala 100 ba tsakanin mutum da mutum har yanzu ba a cajinta. Don Allah kar wanda ya yi. Ƙarya ce a takardar kwastam, kuma inbois ɗinka, wato takardar da ke nuna kuɗin kayan, da shagonka suna nan a fili, ramin ƙarya ƙurarre ne.

Bita biyu muka yi a kan cike takardu, kuma a ganina su ne aikin da ya fi amfani a shekarar gaba ɗaya duk da mutane ba su cika zuwa ba. Daga 1 ga Satumba dokar gidajen waya ta duniya ta wajabta sa lambar HS mai lamba shida a kan duk kayan kasuwanci, ita ce lambar da kwastam na ko'ina ke gane nau'in kaya da ita. Da can mutum zai rubuta "kaya" ko "tufafi" a fom ɗin kwastam na CN22 ya wuce abinsa, yanzu bayanan suna riga kwalin isa ta kwamfuta, in an ga bayani a dunƙule sai a ajiye shi gefe. Ka rubuta rigar mata ta auduga, guda nawa, kuɗinta nawa, a wace ƙasa aka yi ta. Wannan na ƙarshen mutane na raina shi, alhali harajin Amurka a kan ƙasar da aka ƙera kayan ake lissafa shi ba ƙasar da aka turo shi ba, wato in ka saro daga China ka sake turawa, sunansa kayan China har gobe.

Sai masu rage kuɗin kaya a inbois don haraji ya yi sauƙi. Wani ɗan uwa ya yi haka, kwalin ya ɓata a hanya, da ya je neman diyya aka buɗe masa takardar da ya cike da hannunsa aka ce ga abin da ka ce kayanka ya kai. Ya kawo ƙara wajenmu wai mu sa baki, muka duba muka ce Malam babu inda za mu kama.

Ɓangaren Turai ba sabon abu sosai, amma har yanzu ana faɗawa rami ɗaya. Tun 1 ga Yuli 2021 babu kayan da ke shiga Tarayyar Turai ba VAT komai ƙanƙantarsa, kuma wanda bai wuce yuro 150 ba ana iya karɓar harajin tun wajen saye ta tsarin IOSS. In a kasuwar intanet ta Etsy ko eBay ka sayar su ne ke karɓa su ba ka lambar IOSS ɗin, aikinka kawai ka tabbata lambar ta shiga bayanan aikawa na kwamfuta, ba wai ka rubuta ta da biro a jikin kwali ba, in ba haka ba a sake cajin kwastoma karo na biyu ya dawo kanka da faɗa. Ingila nata daban ne, iyakarta fam 135. Sannan ga dokar lafiyar kaya ta GPSR da ta fara aiki 13 ga Disamba 2024, wadda ta ce sai kana da wakili mai adireshi a cikin Tarayyar kafin ka sayar musu, har Ireland ta Arewa ta shafa. Mambobi da dama sun rufe Turai a shagunansu saboda ita. Mun yi alkawarin nemo wakili ɗaya da za mu yi tarayya a kansa, gaskiya ba mu yi ba, an yi ta magana har shekara ta ƙare.

Abin da ya ba mutane dariya a bita shi ne maganar awo. Da yawa ba su san kamfanonin jirgin sama ba sikeli kaɗai suke bi ba, suna auna girman kwali, tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita a raba da 5000 a yawancinsu, duk wanda ya fi yawa tsakanin wannan da nauyin gaske shi za ka biya. Muka kawo kwali mai 40 da 30 da 20 muka sa kayan kilo ɗaya da rabi a ciki, lissafi ya ba da kilo 4.8. Aka sa reza aka rage tsayin zuwa 10, ya dawo 2.4. Wata ta ce ashe shekara biyu iska take biya wa kuɗin jirgi. Tun ranar ma'aji ke yawo da tef ɗin awo a aljihu.

Masu turare da masu kayan da ke da batir, mun sha faɗa, waɗannan kaya masu haɗari ne a dokar jirgin sama, turare mai sinadarin barasa yana kama wuta, batirin lithium ma haka. Ɓoye su cikin tufafi ba dabara ba ce, na'ura na gani. A tambayi kamfani tukuna ko yana ɗauka da kuma sharuɗɗansa.

Akwai kuma wanda ba laifin kowa ba a cikinmu. Masu saro kaya ta ruwa har yanzu suna jin jiki, tun ƙarshen 2023 da aka fara kai wa jirage hari a Bahar Maliya manyan kamfanoni ke zagayawa ta ƙasan Afirka maimakon mashigin Suez, abin da ke ƙara kwana goma zuwa sati biyu. Ma'aikatan gidan wayan Kanada ma sun shiga yajin aiki a ƙarshen Satumba bayan wanda suka yi a ƙarshen 2024. A irin wannan abin da muka ce kawai a ƙara kwanaki a alkawarin da ake yi wa kwastoma, a kuma sanar da shi da wuri kafin shi ya tambaya.

Maganar haɗa kaya wuri ɗaya don a samu ragi wajen kamfanin aikawa, an gwada na wata uku. Ragin ya samu, amma sai wasu su makara da kawo nasu a tsaya jiransu, wanda ya kawo da wuri kuma kwastomansa na ta ƙorafi, ƙarshe aka dakatar. Ni ina ganin a dawo da shi amma da ranar rufewa wadda ba a ɗaga wa kowa, ko shugaba ne.

Kuɗin ƙungiya ma'aji zai karanta nasa rahoton daban, abin da zan ce kawai masu bashin kuɗin wata sun san kansu. A babban taro mai zuwa za a tattauna wakilin Turai, da dawo da haɗa kaya, da zaɓen sabon kwamitin aika kaya don biyu daga ciki sun nemi a sauke su. Duk wanda kayansa ya maƙale ko ya dawo a shekarar nan kuma bai kawo mana ba, ya zo da inbois da fom ɗin kwastam da lambar tirakin, kwafi ba na asali ba don Allah, na bara har yanzu akwai waɗanda ba su zo sun karɓi nasu ba.

Sakataren ƙungiya