Wasiƙa daga Agege: darasin gado da wake a cikin leda

Agege, Legas.

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Yaya Kano, yaya ɗalibai? Mu nan sai godiya, ga ruwan sama ga cunkoson motoci.

Ka ce kana fargabar shiga babin gadon halitta da 'yan ajin ƙarshe, saboda yara kan haddace zanen Punnett, wato jadawalin da ke nuna abin da 'ya'ya za su iya gada daga iyaye, su juye wa WAEC, su fito ba su san me ya ƙunsa ba. To bari in gaya maka abin da nake yi, bai fi kuɗin gwangwanin wake ba.

Ka samo baƙaƙen ledoji, da farin wake da jan wake. Ka raba yara biyu-biyu, ɗaya ya riƙe ledar uba, ɗaya ta uwa. Kowace leda a zuba mata fari da ja daidai wa daida. Fari shi ne A, ƙwayar gadon jini mai lafiya, ja shi ne S, ta sikila, wato iyayen duka AS ne. Wanda ya gaji S biyu, wato SS, shi ne mai sikila. Kowa ya zura hannu ba tare da leƙawa ba ya ɗauko ƙwaya ɗaya, a haɗa biyun, an haifi ɗa ke nan. A rubuta, a mayar da waken cikin leda, a girgiza, a sake. Kowane gida ya haifi 'ya'ya 4.

Nan aji ke rikicewa. Wani gida bai sami SS ko ɗaya ba, wani ya sami 2, wani ma 3. Sai ka ji ana cewa, "Malam, ai littafi ya ce ɗaya cikin huɗu!" Kada ka yi saurin amsawa. Ka tattara sakamakon ajin duka a allo, za su gani da idonsu ya doshi kwata AA, rabi AS, kwata SS. A nan nake kawo musu Gregor Mendel, uban ilimin gadon halitta, wanda ya wallafa aikinsa a 1866. Da ya ƙirga tsirransa, dogaye 787 ya samu, gajeru 277. Shi ma bai sami gajere ɗaya cikin huɗu cif ba, yawan ƙirge ne ya fito masa da tsarin.

Wallahi Malam, mayar da waken nan cikin leda shi ne darasin gaba ɗaya. Wata yarinya ta ce gwaggonta ta gaya mata in ɗan fari ya zo da sikila, ukun da ke biye sun tsira. Na miƙa mata leda na ce ta duba ko jan waken ya ragu bayan haihuwar farko. Ta duba, ta ce yana nan. Kowane ciki sabon ɗiba ne. Yarinyar nan ba da jimawa ba za a fara maganar aurenta, kuma na fi so ta riƙe wannan fiye da duk makin jarrabawa. Ku a Kano ma tun 2024 doka ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, amma ina amfanin takardar asibiti ga wanda bai fahimci abin da take faɗa ba?

Da ledojin nan nake nuna musu zancen namiji da mace. Ledar uwa X ce zalla, ta uba ce ke da X da Y, in X ta haɗu da X mace ce, in ta haɗu da Y namiji. Allah ne mai bayarwa, amma sababin ta wajen uba yake zuwa, ka ga babu dalilin tsangwamar matar da ta jera 'ya'ya mata.

Abu ɗaya nake roƙon ka. Kada ka tambayi yaro jinsin jininsa a gaban aji, kada kuma ka sa su kwatanta rukunin jininsu da na iyayensu, akwai marayu da 'ya'yan riƙo. Ka ɗauka akwai mai sikila zaune a gabanka yana jin kowace kalma, don Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ita. Ka faɗa musu mai AS lafiyarsa lau, har yana da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, abin da ya sa S ya yawaita a yankinmu ke nan. Wanda ya zo mini a keɓe da tambaya, nakan ce iyayensa su kai shi cibiyar sikila ta Idi-Araba, kusa da asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH). Kai ma ka tanadi inda za ka tura naka tun kafin ka fara.

In ka gwada, ka rubuto mini tambayoyin da yaranka suka yi. Ka gaishe da uwargida da yara, ka ce wa Hajiya ina neman addu'a.

Wassalam,
Amininka.