Wasiƙa ga Edita: Masu cewa tsoron kabari ne ya kawo Babanmu coci

Zuwa ga Edita,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ya aiki ya ƙoƙari. Don Allah ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana da 'yan'uwana Kirista, maganar ta daɗe tana cina a rai kuma nasan ba gidanmu kaɗai ta shafa ba.

Shekara biyu kenan da 'yan watanni da rasuwar Mamanmu. A lokacin Baba yana da shekara 72, kuma gaskiya tunda na buɗi ido a duniya ban taɓa ganin ya durƙusa yayi addu'a ba. Sunan Kirista kam yana da shi tun haihuwa, amma shiga coci sai in ɗaurin aure ake ko jana'iza, shima a bencin baya zai zauna yana ta duba agogo. Ba zagin addini yake ba, bai kuma taɓa hana mu zuwa ba, shi dai kawai abin baya gabansa ne. Ran Lahadi zai kai Mama har bakin ƙofar coci ya juya, in an tashi ya dawo ya ɗauke ta, shekara 44 a haka. Ita kuma kullum da asuba sunansa ne farko a bakinta in tana addu'a, muna jiyo ta daga ɗakinmu, mu yara har muka gaji da ji ita bata gaji da faɗa ba, har Allah ya ɗauki ranta bata ga abin da take roƙo ba.

Da ta rasu Baba baiyi kuka a gaban kowa ba, sai dai ya daina magana. Ga rediyo kusa da shi ba zai kunna ba, in ka gaishe shi sai ya ɗaga kai kawai. Wajen wata uku bayan nan na tashi cikin dare naga wuta a kunne a ɗakinsu, na leƙa, sai na ganshi zaune a gefen gadon da take kwanciya, ya sa gilashin karatunta a idonsa, Littafi Mai Tsarki nata a buɗe kan cinyarsa. Ba ma karatu yake ba, bangon ciki ya zuba wa ido. Ashe a nan Mama take rubuta sunayen waɗanda take yi wa addu'a, in Allah ya amsa sai ta ɗan yi maki da biro a gefen sunan. Akwai sunana na lokacin da nake neman haihuwa, da maki. Na ƙanena na lokacin da ya kwanta asibiti, shima da maki. Sunan Baba ne a can sama, tawadar har ta koɗe don daɗewa, gefensa fayau ba komai. Ya ɗago yace min, "'Yata, kowa ta yi masa, ni kaɗai ne babu." A daren nan na fara jin kukan mahaifina, kuma Lahadin da ta biyo baya da kansa ya shirya, muka isa bakin ƙofar nan da ya saba juyawa ya ɗan tsaya jim, sannan ya shiga.

To abin da yasa na ɗauki biro shine abin da kunnena ya jiye min bayan haka. Wasu, kuma ba baƙi ba, mutanen da muke sujada tare, suna cewa ai tsoron kabari ne ya koro shi, wai tuban muzuru ne, wai ya cinye nama a waje ya kawo wa Allah ƙashi. Ɗaya ma a gabana tace bari zafin mutuwar ya huce ku gani in zai ƙara zuwa. Na haɗiye na yi shiru a ranar saboda ta girme ni, amma abin ya tsaya min a wuya. Ko da ma tsoro ne ya kawo shi, ina laifi? Wa ya taɓa zuwa wurin likita yana cikin ƙoshin lafiya? Mu da aka haife mu cikin coci muka girma muna waƙa, a cikinmu mutum nawa ne suka riƙe Ubangiji da gaske kafin duniya ta taɓa su?

Ni nasan Yesu da bakinsa ya riga ya yanke wannan magana a Matiyu sura 20. Mai gonar inabi ya fita da sassafe ya ɗauki ma'aikata a kan dinari ɗaya, wato ladan yini guda, ya sake fita ƙarfe 9, da 12, da 3, har ƙarfe 5 na yamma saura awa ɗaya a tashi ya sami wasu a tsaye ya tura su gonar. Da aka zo biya sai yasa aka fara da na ƙarshen, aka ba su dinari cif daidai da na waɗanda suka sha rana tun safe. Na farkon suka fara gunaguni, sai mai gona ya tambayi ɗayansu ko ya rage masa wani abu cikin abin da suka shirya, ko kuwa alherin da yayi wa wani ne yake masa ciwo. Duk sanda naji ana gulmar Baba wannan gunagunin nake ji. Ga kuma ɗan fashin da aka gicciye kusa da Yesu a Luka 23, wanda ko awa ɗayan ma baiyi a gonar ba, ba baftisma ba baiko ba komai, roƙo ɗaya yayi a tuna da shi, aka ce masa a ranar nan zai kasance a Firdausi.

Amma wanda yafi tuna min da Baba shine Nikodimu. Babban mutum ne, malami, ɗan majalisar Yahudawa, ya lallaɓo wurin Yesu cikin dare, kuma tambayar da yayi a Yohanna sura 3 tambayar tsofaffi ce sak, wai ta yaya za a haifi mutum bayan ya tsufa. A wannan surar ba a ce mana ya bada gaskiya nan take ba. Sai a sura 7 muka sake jin muryarsa yana cewa doka bata yarda a hukunta mutum ba a ji ta bakinsa ba, sai kuma a sura 19 bayan Yesu ya mutu, lokacin da yawancin almajiran sun watse, shi da Yusufu mutumin Arimatiya ne suka ɗauki gawar, Nikodimu ya zo da kayan ƙanshi na mur da alos da nauyinsu ya kai wajen kilo 30. Mutuwa ce ta fito da shi fili, kuma ban taɓa jin wani fasto yayi wa'azi yace bangaskiyar Nikodimu bata cika ba don ya makara. A tarihin ikkilisiya ma haka, Monika mahaifiyar Agustin, wani babban malamin ikkilisiya na dā, tayi shekaru tana wa mijinta Patrisiyus addu'a, sai dab da mutuwarsa ya karɓi baftisma, ɗan nata ma sai a shekara ta 387 aka yi masa a birnin Milan na ƙasar Italiya, a shekarar da ita ta rasu. Ita dai Allah ya nuna mata da idonta, Mamanmu kuwa bai nuna mata ba, wannan har gobe yana min zafi kuma bana ɓoyewa.

Sai maganar ta'aziyya, don su biyun a haɗe suke. A makon rasuwar ni ce mai kuka, kuma ba sau ɗaya ba aka dafa ni aka ce haba 'yar'uwa daina mana, kamar marar bangaskiya, ai tana wurin hutu. Nasan da kyakkyawar niyya suke faɗa, amma sai naji kamar an ɗora min laifi a kan ciwo. Ayar da ake jawowa, 1 Tasalonikawa 4:13, Bulus bai ce kada ayi baƙin ciki ba, cewa yayi kada muyi irin na waɗanda basu da bege. Yesu da ya isa Betanya Li'azaru ya kwana huɗu a kabari, Marta da Maryamu kowacce ta tare shi da magana ɗaya, cewa da yana nan da ɗan'uwansu bai mutu ba, bai tsawata wa ko ɗaya ba, ya tsaya yayi hawaye alhali yasan yanzun nan zai kira mutumin ya fito. Zabura ta 88 daga farkonta har ƙarshe kuka ne, da maganar duhu ma ta ƙare, kuma ba a cire ta daga Littafin ba. Abokan Ayuba kwana bakwai dare da rana suka zauna a ƙasa tare da shi ba wanda yace uffan, nan ne suka yi daidai, suna buɗe baki suka fara neman laifin da yayi sai suka ɓata rawarsu da tsalle, har a ƙarshe Allah yace fushinsa yayi ƙuna a kansu.

Wanda ya riƙe Baba da gaske wani dattijo ne a cocinmu, shima matarsa ta riga shi. Duk ran Alhamis da la'asar zai zo, wata rana su yi awa guda maganarsu bata fi a ƙirga ba, sai ya tashi yace to mu yi addu'a, ya yi 'yar gajeruwa ya tafi. Bai taɓa ce masa ka gani ko, da ka zo tun tuni ba. Shi ya lura Baba baya buɗe Littafin in ana karatu a coci, ashe kunya yake ji don bai san ina Romawa take ina Ishaya take ba, ga yara a gefensa suna buɗewa fit-fit, sai ya samo masa mai manyan baƙaƙe ya zauna yana nuna masa a gida su biyu ba mai kallo. Shi ne kuma wanda Baba ya iya faɗa wa abin da yafi cinsa, wanda ko mu 'ya'yansa bai faɗa mana ba sai daga baya, wai sau nawa ya kai ta bakin ƙofar nan, da sau ɗaya tak ya shiga ya zauna kusa da ita da ya faranta mata. Wannan nadamar ba mai iya cire wa mutum ita da baki, kuma dattijon baiyi ƙoƙarin cewa ba komai ba, ya dai buɗe masa Zabura 34:18 inda aka ce Ubangiji yana kusa da masu karyayyar zuciya, ya nuna masa mutumin nan na Markus 9 da yace ya bada gaskiya amma a taimaki rashin bangaskiyarsa. Baba yace wannan addu'ar kam zai iya ta, kuma ita yake yi har yau.

Don haka roƙona ga fastoci da dattawan ikkilisiya, ku riƙa komawa gidan da aka yi rashi a wata na uku da na shida lokacin da ƙafa ta ɗauke, don lokacin ne ɗaki yake yin shiru da gaske. In tsoho ya zo neman baftisma kada a haɗa shi aji ɗaya da sa'o'in jikokinsa ana masa tambaya a gabansu, a nemo masa sa'ansa. Mu kuma sauran jama'a mu kama bakinmu, mutum ya taka shekara 70 sannan ya sunkuyar da kai yace ku koya min addu'a, wannan ba ƙaramin abu bane.

Kada wani ya ɗauka ina cewa bangaskiya ta share masa kewa. Har yanzu wata rana yakan kira sunanta daga ɗaki kafin ya tuna, ranar da suka yi aure kuwa baya fita ko ƙofar gida. Abin da ya canza shine yanzu yana da wanda yake kai wa kukan, kuma in yana maganar Mama ya daina cewa na rasa ta, sai yace ta riga ni. An yi masa baftisma yana da shekara 73. Da muka dawo gida na ɗauko Littafin Mama da biro na miƙa masa nace Baba ga shi, yau kam sai kayi makin nan. Ya karɓa ya daɗe yana kallon sunan, sannan ya rufe ya mayar min da biron yace, "A'a 'yata, ba ni na fara rubutun ba. Bar mata abinta."

Na gode Edita, Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Taku,
Wata mai karatu