Wuƙa tana hannun yaro, kwalin ƙwaya yana hannun wa?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan abin da ya hana mu barci a Kano, wato faɗan daba da ƙwacen waya. Ni mai kemis ne, shekara ashirin da biyu ke nan ina sayar da magani a wani ƙaramin shago cikin lungu. Abin da zan faɗa ba zai yi wa wasu abokan sana'ata daɗi ba, amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma ban cire kaina ba.

Akwai wani yaro a layinmu, ba zan ambaci sunansa ba saboda darajar mahaifiyarsa. Tun yana ɗan shekara shida ake aiko shi wurina, kuɗi a dunƙule a hannu, ya ce, "Baba, in ji Umma a ba ta maganin ciwon kai." In ba shi, in ɗora masa alawa. Da ya kai shekara sha biyar sai aiken ya sauya. Ya koma zuwa bayan magariba, kansa a ƙasa, wai kakarsa ce ke tari, a ba shi kodin. Na ba shi ran farko, na ba shi washegari. Na san sarai babu tsohuwar da za ta shanye kwalba guda a kwana ɗaya, amma a lokacin, wajen 2016, babu abin da ke gudu a kan kantata kamar maganin tarin nan. A juye shi a robar lemo, a girgiza, a zauna bakin titi ana kurɓa, mai wucewa ya ɗauka lemo ne. Har matan aure suna aiko almajiri da 'yar takarda.

Wata rana da hantsi mahaifiyarsa ta shigo da baƙar leda, ta zazzage a gabana. Kwalabe tara, duk babu komai ciki, a ƙarƙashin katifarsa ta samo su. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki ɗaya, ta nuna mini farashin da na rubuta da biro a jiki, ta ce, "Alhaji, wannan rubutunka ne?" Daga ranar ban sake sayar da shi ba. Allah ya yafe mini abin da ya wuce.

Na daina, amma yaron bai daina ba, domin shagona ba shi kaɗai ba ne a unguwa. A 2017 aka faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalba miliyan 3 ta kodin kullum a Kano da Jigawa. A watan Mayun 2018, bayan binciken da BBC ta fitar, gwamnatin tarayya ta haramta haɗa maganin tarin mai kodin da shigo da shi. Mun yi murna, ashe an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Kwalba ta yi tsada ta koma ana sayar da ita a ɓoye, yaran kuma suka karkata ga tiramol da roci da sholisho da wiwi. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, kuma cikin kowane huɗu ɗaya mace ce.

Ga inda nake so masu karatu su tsaya su yi tunani. Tiramol ɗin da aka yarda a ba majinyaci mai ƙarfin miligiram 50 ne ko 100. Wanda ke yawo a lungunanmu 225 ne, wani ma 250. Ba a Kurna ake yin sa ba, ba a Ɗorayi ba. Akasarinsa daga masana'antun Indiya yake, ya hau jirgin ruwa cikin kwantena, ya sauka a Apapa ko Kwatano, ya hau babbar mota ya keto shingayen bincike na tsawon kilomita kusan dubu kafin ya iso mana. Yaron da ake nuna mana a talabijin, an tsugunar da shi ba riga, an jera gariyo da adda da barandami a gabansa, ko fasfo ba shi da shi. Bai san yadda ake fitar da kwantena daga tasha ba. Akwai wanda ya biya kuɗin kayan, akwai mai sito da ya ajiye su, akwai wanda ya kau da kai a hanya. Waɗannan muna sallah sahu ɗaya da su, wani lokaci ma su ne a sahun gaba.

Wanda bai zauna a lungu ba zai ɗauka daba daban, ƙwaya daban. Mu da muke gani mun san kasuwa ɗaya ce. Daba ita ce rumfar dila, yaran su ne masu sayen kayansa, su ne kuma masu gadinsa. In jikin yaro ya saba, kullum sai ya sha, kuma ba shi da sana'a. Sai ya tare mai dawowa daga asuba ko ɗalibar da ta sauka daga adaidaita, ya soke ta a kan waya. Kafin dare wayar ta shiga hannun mai sayen kayan sata, kuɗin sun koma aljihun dila. In lokacin zaɓe ya zo kuwa, da idona na ga mota ta tsaya a bakin layinmu ana rabon kuɗi da kati-katin ƙwaya ga 'yan jagaliya. Zaɓe ya wuce, mai motar ya tafi, wuƙaƙen suka zauna tare da mu. Irin waɗannan yara a Gombe Kalare ake ce musu, a Bauchi Sara-suka, a Katsina Kauraye, a Yola 'yan shila.

Ba na cewa ba a yi komai ba. Mayar da dillalan magani daga Sabon Gari zuwa kasuwar Dangwauro ya ƙara mana nisa da kuɗin mota, duk da haka ina goyon baya, domin inda kaya ke shiga ta ƙofa ɗaya ana iya sanin na wane ne. Haka kiran da rundunar 'yan sandan Kano ta yi wa 'yan daba a 2023 cewa su ajiye makamai. Yaron nan namu yana cikin waɗanda suka tuba. Ya yi aski, ya koma masallaci, mahaifiyarsa har sadakar ƙosai ta raba. Amma dilan yana nan a gindin bishiyar da ya bar shi, abokan gabarsa na tsallaken titi ba su tuba ba, aikin yi kuma babu. Bai cika wata uku ba ya koma.

Roƙona ga hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ƙarƙashin Janar Buba Marwa shi ne, duk kwalin da aka kama a lungu a bi sawunsa har zuwa siton da ya fito, kuma a riƙa sanar da mu hukuncin da kotu ta yanke wa mai kayan kamar yadda ake nuna mana fuskokin yara. Mu masu kemis kuma mun san junanmu, mun san shagon da ba ya rufewa sai ƙarfe ɗayan dare ba don marasa lafiya ba. Ƙungiyarmu ta daina rufa masa asiri. Gwamnatin jiha ta ƙara wuraren da ake kwantar da masu son dainawa, irin na Kiru, a kuma haɗa musu da koyon sana'a, tunda barin ƙwaya jinya ce mai ɗaukar watanni.

Makon jiya, wajen ƙarfe sha ɗaya na dare, aka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Shi ne, ya naɗe hannunsa da riga, jini ya jiƙe ta, sara ne tun daga wuyan hannu har kusa da gwiwa. Na wanke, na ɗaure, na ce lallai sai an ɗinke a asibiti. Yana rawar jiki ya ce, "Baba, wallahi na gaji." Da safe na je na sami mahaifiyarsa, mun yi magana da mai unguwa, kuma ranar Litinin in Allah ya kai mu ni zan raka su wurin likita.

Naka,
Wani mai kemis,
Kano.